Uwar Caja da Keken Baba

Mijin Yayata bai taɓa zama a ajin koyon aikin lantarki ba, amma kaf layinmu Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya canza ƙwan fitilar matakala, ya yi ta nanata shi har mutane suka gaji suka bar masa. Ni dai mijin Yaya nake ce masa, don ban iya ƙarya da rana tsaka ba.

Gidan haya ɗaya muke ciki. Ni da Baba muna ƙasa, shi da Yaya suna sama, kuma duk dabarar da ta fito daga kansa a kanmu take fara sauka. Ya taɓa kiwon kifi a bahon wanka, ruwan ya yi ta ɗigo mana ta silin. Ya taɓa gyara wa Yaya injin wanki, tun daga ranar in an kunna shi sai mutum ya zauna a kai, in ba haka ba ya kama hanyar falo. Duk da haka ba za ka taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba. Cewa yake mutanen layin ne fahimtarsu ba ta kai ba.

Baba kuwa tsohon direban bas ne, irin waɗanda ko a kujerar falo suke zama kamar akwai fasinja a bayansu. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa mun gwada masa keken da ake turawa, ya ƙi shi ƙememe. Ya ce shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai mutane inda za su, ba zai ƙare tsufansa ana tura shi kamar buhu a baro ba. Ya gwammace ya zauna a ɗaki, ya kuma zauna ɗin, har sai da muka haɗu muka saya masa keken lantarki mai ƙafa huɗu, da kujera mai taushi da sitiyari irin na babur.

Keken ya zo da cajarsa, wata 'yar baƙa mai ƙaramar fitila. In ka jona ta fitilar ta yi ja, sai ta gama jan ajinta sannan ta koma kore. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Mai shagon da ya sayar mana ya ja mana kunne kada mu haɗa keken da wata cajar, ni kuma na riƙe maganar da hannu biyu.

Ana nan sai ga saƙo daga garejin bas. Tsohon kwandastan Baba zai ajiye aiki, abokan aiki za su taru ranar Asabar su yi masa sallama. Garejin yana ƙarshen titinmu, bayan shataletale da wani ɗan hawa, kuma tunda Baba ya kwanta ciwo bai sake leƙa wurin ba. Ya sa na goge masa tsohuwar hular aikinsa, ya ce, "Auta, ranar nan da kaina zan shiga ƙofar garejin nan. Ba wanda zai riƙe min kujera." Ban taɓa ganin yana ɗokin wani abu haka ba, har sai da ya ba ni tausayi.

A makon ne mijin Yaya ya shigo gida da wani ƙaton akwatin ƙarfe a baro, mai baron yana nishi, shi yana gaba yana ba da umarni. Akwatin yana da allura a fuska, da abin murɗawa, da wayoyi biyu masu kauri, kowace da bakin ƙarfe a ƙarshenta.

Ya ce, "Auta, zo ki ga abin da zai fitar da gidan nan daga ƙunci."

Na ce, "Wa ya mutu ya bar maka wannan?"

"Caja ce, ta baturan manyan motoci. Wani bakanike ne bai san darajarta ba ya sayar min."

"Kana da babbar mota ne?"

"Ina da babban tunani." Ya shafa akwatin. "Ki duba layin nan. Kowa da 'yar cajarsa, ta waya daban, ta tocila daban, ta kilifar aski daban. Duk wayon kamfanoni ne. Wuta ai wuta ce. In dai baki ya shiga, caji ya shiga."

"In bai shiga ba fa?"

"A fere shi."

Ya sa mata suna Uwar Caja. Ya kwashe tarkacen da ke ƙarƙashin matakala ya girke ta a wurin, ya kafa allo a ƙofar gida: CIBIYAR CAJI TA INJINIYA, KAWO MATACCE KA TAFI DA RAYAYYE. Ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin cajoji, ya yanke kawunansu, ya naɗe su da salatif a jikin wayoyin nan biyu har suka zama kamar tsintsiya. Da ya kunna ta, ƙugin da take yi har cikin ɗakinmu, cokula suna rawa a kan tire.

Wanda tsautsayi ya fara kawowa shi ne maigadin layi, da tocilarsa da ta soma lumshe ido. Mijin Yaya ya zaɓi kai ɗaya daga tsintsiyar, ya fere shi da wuƙar Yaya, ya cusa, ya murɗa. Kafin su gama gaisawa ya zare ya miƙa masa. Maigadi ya karɓa ya yi ta jefa ta daga hannu zuwa hannu.

"Injiniya, ai da zafi."

"Kai in ka ci abinci mai rai ba ka gumi? Alamar ta karɓa ke nan."

Washegari maigadi ya dawo da ƙulu a goshi. Ya ce da ya kunna ta, ta yi wani haske sau ɗaya har ya hango kyanwa a ƙarshen layi, daga nan ba ta sake cewa komai ba. Da lalube ya yi aikinsa, turken wuta ya tarbe shi.

Mijin Yaya ya ce, "Tsaya. Tunda ka saye ta, ka taɓa ganin ta yi haske irin wannan?"

"Gaskiya ban taɓa ba."

"To, me kake so kuma?"

Maigadi ya tafi yana shafa goshi, yana jin kamar shi ne bai gode ba.

Sai Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu ta hannun dama, ta kawo ƙananan baturan rimot ɗin talabijin, irin waɗanda in sun ƙare ake zubarwa. Ta ce ita fa ta ji an ce waɗannan ba a yi musu caji.

"Wa ya faɗa?"

"Mai sayar da su."

"To da me kike so ya ce miki? Ki daina zuwa shagonsa?"

Ta ga maganar ta shiga. Ya jera su a cikin murfin gwangwani ya ɗora musu waya, suka fito da ɗumi. Ba a jima ba suka yi amai a cikin rimot ɗin, wani farin abu ya cinye ƙarafunan ciki. Talabijin ɗin kuwa maɓallan jikinsa sun daɗe da mutuwa, sai ya maƙale a tashar da ake koyar da motsa jiki, murya a ƙure. Duk wanda ya wuce ƙofarsu sai ya ji ana ce wa mijinta ya ɗaga ƙafa ya sauke. Da ta kawo ƙara, mijin Yaya ya ce ai dama mijin nata ya fara tumbi.

Na mai aski ne ya fi muni. Shagonsa yana kallon ƙofarmu, kilifarsa kuma ɗaya ce tak, da ita yake ci da iyalinsa. Wata rana an cika masa shago, caji ya ƙare, ya rugo da ita. Da aka zare ta daga Uwar Caja batirin ya yi ciki, murfin ya ƙi rufuwa.

Mai aski ya ce, "Injiniya, ya na ga ya kumbura?"

"Ƙoshi ne. Tunda aka ƙera shi bai taɓa ƙoshi ba sai yau." Ya ɗaure murfin da roba ya miƙa masa.

Wanda ke kan kujera a lokacin wakilin mai gidanmu ne, mutumin da yake ji da sumarsa fiye da yadda yake ji da 'ya'yansa. Ni ina tsaye a ƙofa na jiyo kilifar ta yi wata irin kururuwa. Ta buɗe hanya ɗoɗar daga goshinsa zuwa tsakiyar kai, ta tsaya cak, wani siririn hayaƙi ya fito daga gindinta. Suka tsallako titi tare, mai aski riƙe da gawar kilifa, wakili da ƙyallen aski a wuya.

Wakili ya nuna kansa ya ce, "Kai ne Injiniyan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To dube ni."

Mijin Yaya ya zagaya shi, ya duba gaba ya duba baya. Ya ce, "Ka ga yadda ta tafi sambal ba ta tsinke gashi ko ɗaya ba? Wannan ƙarfin caji ne. Laifin kilifar ne da ba ta saba da alheri ba."

Mai aski ya ce, "Da me zan ƙarasa masa, da haƙorina?"

"Almakashi fa? Kakanninka da me suka yi?"

Wakili ya ce in ya sake jin ƙugin abin nan a gidan da yake kula da shi, da akwatin da mai akwatin duk a titi za su kwana. Ya ari hular maigadi ya tafi.

Mutum mai hankali a nan zai tsaya. Mijin Yaya kuwa ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa matsalar ɗaya ce, zafi ne ya ɗan yi yawa. Saboda haka duk batirin da ya sauko daga Uwar Caja sai ya haura da shi sama ya jefa a firizar Yaya ya huce. Yaya mace ce mai haƙuri, haƙurin da ni nake ganin ya wuce misali. Amma ranar da ta sa hannu za ta ɗauko kifi ta ɗauko batirin rediyon wani, na ji muryarta har ƙasa.

"Maigida, wannan kuma da me zan dafa shi?"

"Ki mayar, bai gama sanyi ba."

"Yau sai ka zaɓa, ko ni ko baturan nan a kicin ɗina."

Ya tsaya yana auna wanda zai zaɓa, shi ne abin da ya ƙara tunzura ta. Ta watso masa su ta matakala.

Duk wannan ina gefe ina shan dariyata, don abin bai taɓa ni ba. Na dai gaya masa ƙiri-ƙiri cewa in ya kusanci keken Baba, ni da shi ne. Ya dafa ƙirji ya ce shi da yake gina cibiya ina ruwansa da abin wasan yara.

Ranar Juma'a da safe na jona keken da cajarsa, na ga fitilar ta yi ja, na tafi kantin maganin da nake aiki. Da yamma tun daga ƙofar gida wani wari ya tare ni, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na leƙa ƙarƙashin matakala, sai ga keken Baba an ɗage kujerarsa, Uwar Caja tana ƙugi a kansa, allurarta ta kwanta a ƙarshe. Baba yana zaune a kan benci kusa da ita, yana kallo kamar mai jiran a sauke tukunya. 'Yar cajarmu kuwa tana yashe a ƙasa ba kai.

Na fizge wayar daga bango.

"Me na gaya maka?"

Mijin Yaya ya ce, "Ki tambayi mai keken."

"Baba, kai ka yarda da wannan?"

Baba ya kau da kai. Ya ce a hankali, "Ya ce zai ƙara gudu."

Ashe ina fita mijin Yaya ya sauko ya durƙusa gaban Baba, ya yi ta zuba masa. Wai mutum kamarsa, wanda ya riƙe sitiyarin bas, a ce kekensa yana shan wuta da cokali. Wai ta yaya zai shiga gareji gaban tsofaffin abokansa yana rarrafe, kaza tana wuce shi. Ya san inda zai taɓa. Baba ya yafe wa keken komai, amma bai taɓa yafe masa rashin gudu ba.

Na ce, "Warin nan fa?"

Mijin Yaya ya ce, "Tsohuwar wutar ce take fita."

"Kan cajarmu fa?"

"Ya samu ci gaba, yana cikin manya yanzu." Ya kunna makullin keken, fitilun da ke nuna caji suka kama reras, babu wadda ta rage. "Auta, ke da kika yi boko, karanta mana."

Fitilu sun ce ya cika, Baba yana murmushi, ni kaɗai ce mai baƙin rai a wurin. Na kira mai shagon da ya sayar mana da keken, ya ce irin cajar sai an yi oda. Na koma ɗaki raina a jagule.

Asabar ta zo. Mijin Yaya ya fito cikin farar rigar aiki da hular kwano ruwan ɗorawa, ya rataya doguwar wayar lantarki a kafaɗa don ado, ga lasifikar hannu da ya aro. Ya bi layi yana gayyata, har da waɗanda ya cuta. Ya ce su zo su gani da idonsu, in keken ya isa gareji kowa ya san bakin da zai ba shi haƙuri da shi. Suka kuwa zo. Maigadi da ƙulunsa, Maman 'yan biyu, mai aski da ya rufe shago tunda ba abin aiki, har da wakili, hula ta sauko masa har kunne. A bayan kujerar Baba mijin Yaya ya ɗaura kwali: AN YI MINI CAJI A CIBIYAR INJINIYA.

Baba ya fito fes, hular aiki a kai, na taimaka masa ya hau. Mijin Yaya ya ɗaga lasifika ya ce, "Jama'ar layi, yau tarihi zai..." Lasifikar ta yi wani tsuwwa ta mutu, don ita ma ta kwana wajen Uwar Caja. Ya ci gaba da jawabi a cikinta duk da haka, ba mai jin komai.

Aka kama hanya, Baba a gaba, mu a baya kamar 'yan rakiya. Gudun keken bai ƙaru da komai ba, amma yana tafiya.

Baba ya ce, "Yaro, ina gudun?"

"Yana ɗumama jiki ne, Baba."

"Jikin nawa yake ɗumamawa. Kujerar nan ta fara zafi."

Ina gefensa ina kallon fitilun. Ta farko ta ɗauke kafin mu wuce shagon mai aski. Ta biyu ta bi ta a gaban kantin burodi. Daga nan suka shiga tafiya bi da bi. Muna shiga shataletale, daidai tsakiyar kwalta, keken ya yi wani ɗan kuka ya tsaya.

Motoci suka taru ta ko'ina, hon ya kaure. Wata bas ta garejin ta ja birki dab da mu, direbanta, wani matashi, ya leƙo ya ce a janye tsohon nan daga hanya. Na ga maganar ta shiga kunnen Baba, ya ƙara riƙe sitiyari.

Mijin Yaya ya ce, "Kowa ya kwantar da hankalinsa, hutawa yake yi." Ya durƙusa ya buɗe murfin ƙasan kujera. Wari ya buso, mutane suka ja da baya. Baturan keken guda biyu sun kumbura sun matse juna, gefen ɗaya har ya tsage.

Mai aski ya leƙa ya ce, "Injiniya, waɗannan ma sun ƙoshi."

Maman 'yan biyu ta ce, "A kai su firiza mana."

Wakili ya ce, "Kawo matacce ka tafi da rayayye. Wannan da ransa ka karɓe shi."

Mijin Yaya ya girgiza wata waya, ya hura wata, ya ce matsalar daga kwalta take, tana shanye wuta ta tayoyi. Ba wanda ya yi dariya ma. Gumi ya jiƙa farar rigar. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya zagaya baya ya dafa kujerar ya ce, "Baba, bari in ɗan tura ka, ai an kusa."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Cire hannunka."

Ya cire.

Daga inda muke ana hango ƙofar garejin a saman hawa, an jera kujeru, tsofaffi sun fara taruwa. Baba ya zuba mata ido. Na san abin da yake aunawa, ko ya koma gida a ce bai iya zuwa ba, ko ya shiga ana tura shi. Da a lokacin an ba ni mijin Yaya da muciya, da Yaya ta yi takaba.

Na sunkuya na ce, "Baba, in samo mota?"

Ya girgiza kai. Ya gyara zaman hularsa, sai na ga fuskarsa ta koma irin ta da, ta lokacin da yake dawowa daga aiki yana ba mu labarin hanya. Ya ce, "A aikinmu, mota in ta mutu a hanya ba a sauke direba. Janwe ake kira ya ja ta, direba yana kan sitiyarinsa." Ya dubi mijin Yaya daga sama har ƙasa. "Yaro, sauko da wayar nan ta kafaɗarka."

"Baba, ai wannan ta aiki ce."

"Aikin ne ya zo."

Ban taɓa ganin mutanen layinmu sun haɗa kai da sauri irin na ranar ba. Maigadi ya ninka wayar ya ɗaura a ƙarfen gaban keken. Mai aski ya zagaya ɗaya bakin a ƙugun mijin Yaya, ya ja ƙulli har sai da ya yi ƙara. Wakili ya shiga tsakiyar titi yana tsayar da motoci da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da hula. Ni na murɗa ƙarfen birki na baya na saki tayoyi.

Mijin Yaya ya raɗa min, "Auta, ki yi masa magana. Mutane suna kallo."

Na ce, "Ai kai ka gayyato su."

Baba ya buga gefen keken ya ce, "Mu je."

Ya ja. Keken ya motsa. Baba ya karya sitiyari ya fita daga shataletale tsaf, har da miƙa hannu yana ba da sigina. Matashin direban nan ya gane ko wane ne, ya kashe hon ya biyo mu a baya a hankali, fasinjoji sun cika tagogi suna karanta kwalin da ke bayan kujera da ƙarfi. Masu shaguna suka fito. Da aka fara hawa mijin Yaya ya rankwafa, hular kwano ta rufe masa ido, numfashinsa kamar na zuga-zugi.

Baba ya ce, "Sa giya ta ɗaya, yaro. Hawa ba a yi masa gaggawa."

"Baba, ƙuguna."

"Yana ɗumama jiki ne."

Muna dab da ƙofa tsohon kwandastan ya hango mu. Tsoho ne shi ma, gemu fari fat, amma ya taso da ɗan gudunsa, ya ɗafe ƙarfen bayan keken kamar yadda ya saba ɗafe bas, ya buga jikinsa sau biyu yana kiran fasinja. Nauyin ya ƙaru, mijin Yaya ya kai gwiwa ƙasa, ya miƙe, ya ci gaba da ja. Tsofaffin direbobi suka tashi tsaye suna tafi. Haka Baba ya shiga ƙofar garejin, kai a sama, hannu biyu a kan sitiyari, ba wanda ya riƙe masa kujera. Ya kai keken inuwa inda ya saba ajiye bas ɗinsa, ya ce, "Tsaya." Na juya na goge idona kada a gani.

Mijin Yaya ya zube a ƙasa, wayar tana ƙugunsa. Ya ɗago da ƙyar ya ce wa na kusa da shi, "Kun dai gani, ya iso."

Kwandasta ya riƙe hannun Baba da hannu biyu sun daɗe suna gaisawa. Sannan ya nuna mijin Yaya da haɓa ya ce, "Maigida, wannan sabon injin fa, yaya yake?"

Baba ya ce, "Ƙara gare shi, ba ƙarfi." Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ku ba shi ruwa, amma kada ku cika masa. Da shi zan koma gida."